Abin da ake faɗa idan an zaci an kashe makirfo

Daren 20 ga Afrilun 2004, Monako ta doke Chelsea da ci 3 da 1 a karawar farko ta wasan kusa da na ƙarshe na gasar Zakarun Turai. Da aka tashi, gidan talabijin na ITV ya ɗauke masu kallonsa na Ingila daga filin. A ɗakin masu sharhi, Ron Atkinson ya saki jiki, tunda a saninsa aiki ya ƙare, ya shiga yi wa abokan aikinsa bitar wasan. Da ya zo kan kyaftin ɗin Chelsea, Marcel Desailly, sai ya ce shi ne irin wanda wasu ke kira malalaci, daƙiƙi, ya haɗa da ashar, ya rufe da kalmar nan mai farawa da harafin N da Turawa suka daɗe suna ƙasƙanta baƙar fata da ita. Ashe makirfo a kunne yake. Mutanen Ingila ba su ji ba, amma wasu tashoshin Gabas ta Tsakiya da ke ɗaukar muryar kai tsaye sun watsa ta yadda take. Kashegari Atkinson ya ajiye aikinsa a ITV, ya kuma rasa shafin da yake rubutu a jaridar Guardian.

Wanda aka kira malalacin daƙiƙi, an haife shi a Akra ta ƙasar Ghana, ya tashi a Faransa. Ya ɗauki kofin Zakarun Turai da Marseille a 1993, ya sake ɗauka da AC Milan a 1994, har ya jefa ƙwallo a wasan ƙarshe da suka yi wa Barcelona 4 da nema. Ya ɗauki kofin duniya a 1998 da na ƙasashen Turai a 2000, ya buga wa Faransa wasa 116. Yana iya yiwuwa bai yi ƙoƙari a daren ba, kuma aikin mai sharhi ne ya faɗi haka. Sai dai lokacin da Atkinson ya nemi kalmar da zai kwatanta rashin ƙoƙarin, launin fatar mutumin ne ya fara zo masa a baki.

Abin da ya sa wannan lamari ya fi sauran ɗaure kai shi ne tarihin Atkinson kansa. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da baƙaƙen 'yan wasa ke shan ihun biri a kusan kowane fili na Ingila, shi ne kocin West Bromwich Albion da yake saka baƙaƙe uku a jere: Cyrille Regis, da Laurie Cunningham, da Brendon Batson. A wancan zamani ba ƙaramin abu ba ne. Da abin ya fashe a 2004, da wannan tarihi ya kare kansa, kuma wasu baƙaƙen da suka yi wasa a ƙarƙashinsa, irin su Carlton Palmer, sun fito sun ce mutumin da suka sani ba mai wariya ba ne. Daga nan muhawarar ta karkata, kamar yadda take karkata kullum. Aka bar maganar abin da ya faɗa, aka koma binciken abin da ke zuciyarsa. Ni kuwa a ganina nan ne ake ɓatar da sawu, domin babu mai iya buɗe ƙirjin wani, kuma duk wanda aka tuhuma zai samo aboki ɗaya baƙi da zai yi masa shaida. Abin da muke da shi a hannu shi ne jimlar da ta fito, da wurin da ta fito, da mutanen da aka faɗa wa.

A duba jimlar da kyau. Bai ce ni nake kiransa haka ba, ya ce haka wasu ke kiran irinsa. Wato ya san akwai jama'ar da wannan ne yarensu, ya iya yaren, kuma ya ɗauka waɗanda ke zaune da shi ba za su ji wani abu baƙo ba. Sannan kalmomin uku tare suka daɗe suna tafiya. Lalaci da daƙiƙanci su ne tuhumar da masu gonakin rake da auduga suka riƙa yi wa bayi don halasta bulala: ba ya aiki sai an doke shi, ba ya tunani sai an yi masa. Da Birtaniya ta yi dokar soke bauta a 1833, iyayengijin aka biya diyyar fam miliyan 20, bayin ba su sami ko kwabo ba, kuma tuhumar ta ci gaba da rayuwa bayan an kwance sarƙa. Har yau tana nan a bakin masu sharhin ƙwallo, cikin tufafi masu tsabta. A 2020 wani kamfanin bincike na Denmark, RunRepeat, tare da ƙungiyar 'yan wasan Ingila, PFA, sun bi sharhin Turanci na wasanni 80 a gasannin Ingila da Sifaniya da Italiya da Faransa. Suka tarar fiye da kashi 60 cikin 100 na yabon basira ya tafi ga masu hasken fata, fiye da kashi 60 na sukar rashin basira kuma ya faɗa kan masu duhun fata. Duk mai zuwa gidan kallo ya saba jin wannan ko bai lura ba: ɗan Afirka ƙarfi da gudu, Bature kuma kai da lissafi.

Atkinson haifaffen 1939 ne, kuma Ingilar da ya girma a cikinta ba ta ɗauki irin wannan magana a bakin komai ba. Daga 1958 zuwa 1978 BBC tana nuna wani shirin waƙe-waƙe da Turawa ke shafa baƙin fenti a fuska, su zana farin leɓe, su yi rawa suna kwaikwayon baƙaƙen Amurka, miliyoyin iyalai kuma suna kallo da 'ya'yansu. A 1967 wata ƙungiyar yaƙi da wariya ta kai wa BBC takardar koke ɗauke da sa hannun jama'a cewa a daina. Sai da shirin ya ƙara shekara 11. Kamfanin Robertson's mai yin jam ɗin shafa wa burodi ya riƙe hoton 'yar tsana baƙa ƙirin mai zaro ido da jan baki a matsayin tambarinsa har farkon shekarun 2000. Yaron da ya tashi da wannan a kan teburin karin kumallo ba sai an zaunar da shi an koya masa raini ba.

Ba kuma abin da ya wuce da tsofaffi ba ne. A watan Yulin 2017, Anne Marie Morris, 'yar majalisar dokokin Birtaniya daga jam'iyyar Conservative, tana jawabi a wani taro a Landan kan ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai. Tana son ta ce akwai wata ɓoyayyiyar matsala da ba a lura da ita ba, sai ta jawo wani tsohon karin maganar Turanci mai ɗauke da kalmar nan ta N, wanda ake dangantawa da bayin Amurka da ke ɓuya cikin tarin itace idan sun gudu. Babu baƙar fatar da take faɗa da shi, ba ta cikin fushi, maganar cinikayya take yi. Firayim Minista Theresa May ta dakatar da ita daga jam'iyya a majalisa, ita kuma ta nemi afuwa ta ce ba da gangan ba ne. Na yarda ba da gangan ba ne, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Abin da mutum ya shirya faɗa yana iya tacewa. Wanda ya suɓuce masa, daga rumbun da ya saba ɗiba ya fito. A faifan muryar da aka fitar, ba a ji wanda ya katse ta ba, taro ya ci gaba da tafiya, alhali akwai wasu 'yan majalisa a wurin.

Wanda ke cewa ai kalma ce kawai, ya kamata ya san yadda take sauka a kunnen wanda aka yi ta dominsa. Lokacin da aka fara kiran Cyrille Regis tawagar Ingila a 1982, an aiko masa harsashi a cikin ambulan, da takardar gargaɗin cewa irinsa zai samu a gwiwa idan ya taka filin Wembley. Ya ajiye harsashin bai jefar ba. A 1988 an ɗauki hoton John Barnes na Liverpool yana ture ayabar da aka jefo masa da dunduniya a filin Everton. A daren 22 ga Afrilun 1993, wani saurayi ɗan shekara 18, Stephen Lawrence, mai burin zama mai zanen gine-gine, yana jiran bas da abokinsa a unguwar Eltham ta kudu maso gabashin Landan. Gungun samari fararen fata suka tsallako titi, ɗayansu ya kira kalmar nan, suka daɓa masa wuƙa sau biyu. Ya yi gudu kaɗan ya faɗi, bai tashi ba. Iyayensa sun yi kusan shekara 19 suna fafutika kafin a sami mutum biyu da laifin kisan, ranar 3 ga Janairun 2012. A tsakani, rahoton alƙali William Macpherson na 1999 ya ce wariya ta yi katutu a tsarin 'yan sandan Landan, ya kuma kawo ma'aunin da ya sauya aikinsu: duk abin da wanda aka yi wa, ko wani da ke wurin, ya ɗauka wariya ce, to a rubuta shi a haka a bincika. Kalmar da Morris ta faɗa cikin nishaɗi a ɗakin taro ita ce wadda aka jefi Stephen da ita kafin wuƙar. Baƙar fatar da ya ji ta daga bakin Bature ba shi da hanyar sanin wace ce daga cikin biyun ta zo masa, kuma ba adalci ba ne a ɗora masa aikin tantancewa.

Kariyar da aka fi ji bayan "ban yi nufi ba" ita ce "ai wasa ne". Azeem Rafiq, ɗan wasan kurket haifaffen Pakistan, ya yi shekaru a ƙungiyar Yorkshire ana kiransa da gutsuren sunan ƙasarsa, wanda a Ingila zagi ne da 'yan daba suka yi ta dukan mutanen Asiya da shi a shekarun 1970. Kwamitin da ƙungiyar ta kafa ya yarda an ci zarafinsa saboda asalinsa, amma ya ce wannan kalmar raha ce tsakanin abokai. Da wannan ya fito fili a farkon watan Nuwamban 2021, kamfanoni suka janye tallafinsu, shugaban ƙungiyar ya sauka, kafin Rafiq ya zauna gaban kwamitin majalisa a tsakiyar watan yana ba da labari yana share hawaye.

Bahaushe ya fi kowa sanin wasa, don haka ya fi kowa cancantar ya gane ƙaryar wannan kariya. Muna da wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, Kanawa da Zazzagawa, Gobirawa da Yarabawa, Katsinawa da Nufawa, ga na taubasai da ake biyan kuɗin shara a watan cika-ciki. Bafulatani zai dubi Babarbare a tsakiyar kasuwa ya ce bawana, a yi dariya. Amma me ya riƙe wannan wasa? Kowanne yana da bakin ramawa, kuma zai rama nan take da abin da ya fi zafi. Dukansu sun gaji wasan, ba ɗaya ne ya ƙirƙiro shi ya ɗora wa ɗayan ba. Abincin wannan ba ya hannun wancan. Idan fuskar abokin wasa ta sauya, an san an wuce gona da iri, sai a ja baya. Sannan wasan ba ya karɓar ɗan kutse: wanda ba Bafulatani ba, ba zai ce wa Babarbare bawa ba don ya ji wani ya faɗa. Yanzu a ɗauki wannan a auna da ɗakin sauya kaya inda yaro ɗaya ne mai duhun fata cikin mutum ashirin, manyan 'yan wasa ne ke kiransa da sunan, kuma su ne masu faɗa a ji wajen wanda za a saka a wasa. Dariyar da yake yi ta neman zaman lafiya ce. Babu wata kalma a bakinsa da za ta yi wa Bature nauyin da tasu ta yi masa, domin babu tarihin da ke bayanta.

Wannan kuma shi ne amsar tambayar da Turawa da yawa ke yi, cewa me ya sa mawaƙan baƙaƙen Amurka ke faɗin kalmar a kowace baiti amma su an hana su. Waɗanda aka yi wa tabo ne suka ɗauki kalmar suna juya ta a tsakaninsu, kuma ko su ba su haɗu a kan hakan ba. A 2007 ƙungiyar NAACP, tsohuwar ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen Amurka, ta yi wa kalmar jana'iza a birnin Detroit, har da akwatin gawa, don kira ga nasu su bar ta. Rigimar cikin gida ce, ba ta ba maƙwabci izinin shiga ba. Mu ma ta iso mana ta faifan waƙa, har samarin da ke sassauta wando da karkata hula muke ce musu nigogi ba tare da mun san nauyin abin ba. Yaronmu da ya tafi karatu Amurka ko Ingila, gara ya san cewa ranar da Bature ya kira shi da ita, ba shigarsa yake yabawa ba.

Kariya ta uku ta fi sauran ƙarfi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta: "haka muke faɗa a ƙasarmu". Ranar 15 ga Oktoban 2011, Liverpool ta karɓi Manchester United a Anfield. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, ana shirin bugun kwana, Patrice Evra na United, haifaffen Dakar, ya tambayi Luis Suárez na Liverpool, ɗan Yurugwai, cikin Sifaniyanci dalilin da ya sa ya doke shi a ƙafa ɗazu. Abin da kwamitin hukumar ƙwallon Ingila, FA, ya tabbatar daga baya shi ne Suárez ya amsa da cewa don kai baƙi ne, ya ƙara da cewa ba ya magana da baƙaƙe, kuma ya maimaita kalmar "negro" sau 7 cikin kimanin minti 2. Suárez ya ce sau ɗaya ya faɗa, cikin neman sulhu, kuma a Yurugwai haka ake kiran aboki, ya ce kakansa ma baƙi ne. Kwamitin ya kira masana harshe, suka ce gaskiya ne a can ana iya faɗin kalmar cikin ƙauna, ana kuma iya faɗin ta cikin raini, yanayi ne ke rabewa. Mutum biyu da ke hararar juna a gaban raga ba sa cikin yanayin ƙauna. A rahotonsa mai shafi 115, kwamitin ya ce shaidar Suárez ba abar dogaro ba ce, aka dakatar da shi wasa 8 da tarar fam 40,000.

Abu mafi amfani a wannan hukunci, kwamitin ya ce ba aikinsa ba ne ya gano ko Suárez mai wariya ne a zuci. Evra da kansa ya ce bai ɗauke shi haka ba. Tambayar ita ce: an faɗi maganar cin mutunci, kuma an ambaci launin fata a cikinta? Da aka tsaya a nan, sai aka iya yanke hukunci. Da an bi ta hanyar zuciya, da har yau ana musu.

Abin da ya biyo baya ya fi maganar kanta muni. Kwana ɗaya bayan hukuncin, 'yan wasan Liverpool suka fito motsa jiki kafin wasansu da Wigan sanye da riguna masu hoton Suárez, har da kocinsu Kenny Dalglish. Cikinsu akwai Glen Johnson, baƙar fata, wanda ya sha suka a kai, kuma ina ganin halin da ya shiga ya nuna irin matsin da ke kan mutum ɗaya a cikin taro. Da Evra ya koma Anfield a watan Janairun 2012, ihu aka yi ta yi masa duk lokacin da ya taɓa ƙwallo. A watan Fabrairu a Old Trafford, ya miƙa hannu Suárez ya wuce. Ya sami wasiƙun barazana. A daidai wannan lokaci Anton Ferdinand na QPR, wanda ake shari'ar John Terry na Chelsea a kan zargin ya faɗa masa kalmar wariya, shi ma an aika masa harsashi ta gidan waya. Kotu ta wanke Terry a Yulin 2012, FA kuma ta dakatar da shi wasa 4 da tarar fam 220,000. Duk matashin ɗan wasa baƙi da ya kalli wannan ya ga abin da ke jiran mai kai ƙara. A gidajen kallonmu ma na ji yadda aka raba gardamar: ɗan Liverpool yana cewa Evra maƙaryaci ne, ɗan United yana cewa Suárez la'ananne ne, kowa rigar kulob ɗinsa yake karewa, alhali duk wanda ke kan bencin, da shi ne a gaban ragar, shi ma haka za a kira shi. Sai a 2019 Jamie Carragher, wanda shi ne mataimakin kyaftin a lokacin, ya dubi Evra a shirin talabijin na Sky ya nemi afuwa, ya ce sun tafka babban kuskure, kuma shi kansa bai yi ƙarfin halin cewa ba zai saka rigar ba.

Ba na cewa duk lamuran ɗaya ne. A Nuwamban 2020 Edinson Cavani, shi ma ɗan Yurugwai, ya ci ƙwallo biyu a ragar Southampton, wani abokinsa ya taya shi murna a Instagram, ya amsa masa da godiya haɗe da "negrito". Babu faɗa, abokin bai yi ƙorafi ba, da aka ankarar da shi ya goge ya ba da haƙuri. FA ta yarda babu mugun nufi, duk da haka ta dakatar da shi wasa 3 da tarar fam 100,000, har cibiyar kula da harshe ta ƙasarsa ta fito ta yi tir da hukuncin. A ganina hukuncin ya yi nauyi idan aka kwatanta da na Suárez, kuma ilimantarwa ta fi dacewa da shi. Amma masu cewa a Yurugwai kalmar ba ta da wani dafi, su wa suka tambaya? Baƙaƙen ƙasar, waɗanda suka kai kusan kashi 8 cikin 100 na jama'a, suna da nasu bakin. A 2013 wata cibiyarsu ta al'adu ta yi gangamin neman hukumar ƙamus ɗin Sifaniyanci ta cire karin maganar nan da ke cewa mutum ya yi aiki kamar baƙi, domin daga bauta ta samo asali. Sau da yawa idan aka ce a wurinmu ba a jin haushi, masu rinjaye ne ke ba da rahoto a madadin waɗanda suka gaji da ƙorafi.

To yaya ake tunkarar abin? Dokoki sun ƙaru, tara ta ƙaru, ƙungiyar Kick It Out mai yaƙi da wariya a ƙwallon Ingila tana aiki tun 1993, a Sifaniya ma a 2024 kotu ta yanke wa magoya bayan Valencia uku ɗaurin wata 8 saboda cin zarafin Vinícius Júnior. Duk wannan yana kama wanda kyamara ta gani ko makirfo ya ɗauka. Mafi yawan irin wannan magana kuwa a inda babu baƙi ko ɗaya ake yin ta: a mota, a mashaya, a teburin cin abinci, a ɗakin masu sharhi bayan an tashi. Baƙar fata ba zai iya tunkarar abin da ba a faɗa a gabansa ba. Wanda ke wurin shi ne ɗan'uwan mai maganar, ko abokin aikinsa, ko ɗansa, kuma shi ne wanda ba za a ce masa ya cika saurin fushi ba, ba za a aika masa harsashi ba. Abin da ake nema daga gare shi bai kai huɗuba ba. Ya ƙi yin dariya, ya ce kada ka sake faɗin wannan a gabana, ko ya tambaya me kake nufi, ya bar mai maganar ya yi ta laluben amsa. Mai irin wannan baki yana auna ɗaki kafin ya buɗe shi, kuma shirun mutanen kirki yake karantawa a matsayin izini.

An taɓa ganin yadda abin ke kasancewa idan ɗakin ya ƙi. Ranar 8 ga Disamban 2020, PSG tana wasa da Istanbul Basaksehir ta Turkiyya a Paris, fili babu 'yan kallo saboda korona, don haka ana jin kowace murya. Kafin a cika minti 15, alƙali na huɗu, Sebastian Coltescu ɗan Romaniya, ya kira alƙalin tsakiya ya kori wani daga bencin baƙin. Da zai nuna wanda yake nufi, sai ya ce da harshensu wancan baƙin. Pierre Webó ne, mataimakin koci, tsohon ɗan wasan Kamaru, mutumin da ya yi wasa a Yurugwai da Sifaniya shekara da shekaru, ya san kalmar ta kowace fuska. Ya tsaya yana ta maimaita tambaya ɗaya: me ya sa ka ce baƙi? Demba Ba na Senegal ya taso daga benci ya tsaya gaban alƙalin, bai zage shi ba, bai ce masa mai wariya ba. Ya ce masa idan Bature kake nufi ba ka cewa wancan farin, cewa kake wancan mutumin, to me ya sa idan baƙi ne sai ka ce wancan baƙin? Alƙalan suka yi ta bayanin cewa a harshen Romaniya kalmar launi kawai take nufi. 'Yan Basaksehir suka fice daga fili, 'yan PSG, da Neymar da Mbappé da Marquinhos, suka bi bayansu, fari da baƙi, alhali wasan na neman tsallakewa zagaye na gaba ne. Ba a bar Webó shi kaɗai ya zama mai tayar da fitina ba, kuma ba a sami wanda za a ware a yi wa ihu ba.

Kashegari aka kawo sababbin alƙalai ƙarƙashin Danny Makkelie ɗan Holan, 'yan wasan ɓangarorin biyu suka durƙusa a da'irar tsakiya kafin a ci gaba daga inda aka tsaya, PSG ta ci 5 da 1. A watan Maris na 2021 hukumar UEFA ta yanke hukunci. Ba ta sami Coltescu da laifin wariya ba, ta same shi da halin da bai dace ba, ta dakatar da shi zuwa ƙarshen kakar wasa, ta kuma umarce shi ya halarci horo kafin ya dawo aiki.